Yadda A Ke Shirin Yawon Buɗe Ido Da Motar Shata

Ran nan na je duba wani aji a wani ƙauye na ƙasar Kano. Na tarar malamin aji ya rataye taswirar Nijeriya a jikin bango. Ɗalibai suna tashi ɗai ɗai suna karanta sunayen garuruwa. Wani dattijo ya ɗora yatsa ya karanta, Za-ri-ya. Ya gangara ƙasa ya karanta, Jos. Sa'an nan ya waiwayo ya ce mini, "Malam, ga shi na iya karanta sunayensu, amma ban taɓa taka ko ɗaya ba. Iyakata Kano, ita ma sai in zan kai gyaɗa kasuwa."

Aji ya fashe da dariya. Amma da na bi su da tambaya, ashe yawancinsu haka su ke. Daga nan magana ta tashi. Suka ce, in an gama girbi an kai amfani rumbu, ƙaƙa za su yi su zaga su ga ƙasa? Wannan darasi shi ne amsar tambayarsu. Ku ma zai yi muku amfani.

Yawon buɗe ido, watau tafiyar da ba ciniki ya kai ka ba, ba biki ba, ba gaisuwar rasuwa ba. Ka fita ne don ka ga ƙasa, ka ga yadda wasu su ke zaune. Hausawa su kan ce tafiya mabuɗin ilmi. Wannan suna ne ma marigayi Abubakar Imam ya sa wa littafin da ya rubuta a kan tafiyarsa Ingila a 1943.

Motar haya ba ta dace da irin wannan tafiya ba. Sai ta cika ta ke tashi, in ta tashi kuwa ba ta tsayawa don ka ga dutse ko kogi. Abin da ya dace shi ne shata. Shata ita ce ku ɗauki mota duka da direbanta, na kwanaki sanannu, a kan kuɗi sananne. Inda ku ka ce a tsaya, nan za a tsaya. Amma shata tana da tsada. Mutum ɗaya ba ya iya ta, sai mai hali. Don haka sai a haɗu. In bas ce mai ɗaukar mutum 14, ku tsaya a 12, ku bar wa kaya wuri. Tafiyar mako guda a matse ba yawo ba ne, horo ne.

Ku naɗa shugabanni tun da wuri

Kakanninmu fatake da su ke zuwa Gwanja sayen goro ba su fita barkatai. Kowane ayari yana da madugu. Shi ke faɗin ranar tashi, shi ke faɗin inda za a yi zango. Ku ma haka za ku yi. Ku zaɓi madugu, mutum mai haƙuri wanda a ke jin maganarsa. Ku zaɓi ma'aji, shi zai riƙe kuɗi. Ku zaɓi magatakarda, wanda ya fi kowa iya rubutu a aji, shi zai rubuta duk abin da ya shiga da duk abin da ya fita. Kada ma'aji ya zama shi ne magatakarda. Ba don ba a yarda da shi ba, don dai a rufe bakin masu zargi.

Kuma madugu kaɗai ke yi wa direba magana a kan hanya. In mutum 12 kowa yana ba direba umurni, wannan ya ce tsaya, wancan ya ce wuce, ran farko za a ɓata.

Ina za a?

Nan ne gardama ta kan tashi. Wani zai ce sai an je Sakkwato an ziyarci Hubbaren Shehu. Wani ya ce sai Daura, a ga rijiyar Kusugu. Wani ya ce shi Kainji ya ke so, ya ga inda aka tare Kwara a ke samun wutar lantarki. Duk wurare ne masu kyau. Amma ku dubi taswira. Wannan yana yamma, wannan yana arewa, wancan yana can kudu maso yamma. Wanda ya ce zai haɗa su duka cikin mako guda, ba abin da zai gani sai kwalta da ƙeyar direba.

Dabara ita ce ku zaɓi hanya mai zagaye, ku fita ta wani gefe ku komo ta wani. Ga misali ɗaya ga waɗanda ke kusa da Kano. Nisan da na rubuta kimantawa ne, ba awo daidai ba.

Rana ta 1, daga gida zuwa Kano, a yini ana kallo, a kwana.
Rana ta 2, Kano zuwa Zariya, kilomita 160.
Rana ta 3, Zariya zuwa Jos ta Pambeguwa da Saminaka, kilomita 240.
Rana ta 4, kallo a Jos da safe, bayan azahar a wuce Bauchi, kilomita 130.
Rana ta 5, Bauchi zuwa Yankari, kilomita 110.
Rana ta 6, Yankari a komo Bauchi, kilomita 110.
Rana ta 7, Bauchi zuwa Kano ta Ningi da Birnin Kudu da Wudil, kilomita 300.

Kada ku raina Kano don tana kusa. Mutane da yawa sun sha shiga Kano, amma daga tasha sai kasuwa. Ku hau Dutsen Dala da sanyin safiya ku hangi birni. Ku shiga Gidan Makama, inda aka tara kayan tarihi. Ku ga Gidan Rumfa, fadar Sarki, wadda ta samo sunanta daga Sarki Muhammadu Rumfa da ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499. Ku leƙa marinar Ƙofar Mata da kasuwar Kurmi.

A Zariya akwai ragowar ganuwa, da fadar Sarkin Zazzau, da tsohon masallacin Juma'a wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina da ƙasa a zamanin Sarki Abdulkarim. An yi sabon gini a kewaye da shi, amma in an shiga a kan ga bakan ginin na da. Duk magini a cikinku ya tsaya ya duba da kyau. A Samaru akwai Jami'ar Ahmadu Bello, wadda aka buɗe a 1962. Akwai kuma abin da ya shafe mu, mu mutanen yaƙi da jahilci. A Zariya aka fara buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, aka kafa Kamfanin Gaskiya a Tukur-Tukur a 1945. Can aka buga littattafan da iyayenmu suka koyi boko da su a azuzuwan manya na farko.

Jos tana bisa tudu, tsawonta daga teku ya kai mita 1,200. Shi ya sa ta ke da sanyi. Kuza ce ta raya garin. Masu haƙar kuza ne kuma suka fara tono wasu kawunan mutane na gasasshen yumɓu a wajen ƙauyen Nok, waɗanda masana suka ce sun haura shekara 2,000. Ana ajiye da irinsu a gidan tarihi na Jos, wanda aka buɗe a 1952. Kusa da shi akwai gidan namun daji, da filin da aka gina kwaikwayon tsofaffin gine-gine, har da na masallacin nan na Zariya. Manomi kuwa ya buɗe ido a hanya, zai ga gonakin dankalin Turawa da kabeji da acca, abubuwan da ba mu saba nomawa ba.

A Bauchi akwai kabarin Abubakar Tafawa Ɓalewa, Firayim Ministan Nijeriya, wanda aka kashe a watan Janairu na 1966. Ana zuwa ziyara.

Yankari kuwa ita ce kan tafiyar. Daji ne babba wanda aka keɓe wa namun daji a 1956, aka buɗe wa masu kallo a 1962. Faɗinsa ya fi murabba'in kilomita 2,200. Daga Bauchi a kan bi hanyar Gombe, a ratse a Dindima, a isa ƙofar daji a Mainamaji. Daga ƙofa kuma sai an ƙara kimanin kilomita 40 kafin a kai masauki. Ku riƙe wannan, gama wasu in sun ga ƙofa sai su zaci an iso. A gindin masaukin akwai maɓuɓɓugar Wikki. Ruwa ne garau mai ɗumi, yana fitowa daga ƙarƙashin dutse, ɗuminsa awo 31 dare da rana, rani da damina. A dajin akwai ɓauna da gwanki da kanki da mugun dawa da dorina, kuma yana cikin 'yan wuraren da giwa ta saura a Nijeriya. Amma ban yi muku alkawarin ganin giwa ba. Daji ba kasuwa ba ne. Wanda na yi muku alkawarinsa shi ne gwaggon biri. Yana nan birjik a masauki, kuma ɓarawo ne na gaske. In kun bar tagar mota a buɗe, ku yi ban kwana da guzurinku. Ba a farauta a Yankari, ba a kuma shiga cikin daji sai da ma'aikacin wurin. Ana biyan kuɗin shiga.

A hanyar komowa, in da sauran rana, ku tsaya Birnin Kudu. Akwai duwatsu masu zanen shanu da mutanen da suka yi a jikinsu.

Lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan girbi, daga Disamba zuwa Maris. Aikin gona ya yi sauƙi, da ɗan kuɗi a hannu, hanyoyi sun bushe. In kuna son ganin namun daji sosai, ku jinkirta zuwa Fabrairu ko Maris, sa'ad da ciyawa ta bushe, dabbobi su ke taruwa a bakin kogin Gaji don shan ruwa. Ku duba kalanda kada tafiyar ta faɗa cikin azumi. Ku kauce wa makon Salla da na Kirsimeti, gama hanya ta kan cika, kuɗin mota da na masauki su kan hau.

Zaɓen direba da mota

To, jama'a, ku kasa kunne nan. Komi kyan shirinku, rayukanku 12 a hannun mutum ɗaya za ku sa su har kwana 7. Wanda zai sayi akuya ya kan buɗe bakinta ya dubi haƙora. Balle wanda zai ɗauki direba.

Ku tafi tasha, ku nemi shugabannin ƙungiyar direbobi. Ku gaya musu abin da ku ke so. Su suka san mai hankali, suka san mai ganganci. Kada ku yi ciniki da wanda ku ka tara a bakin titi, ba ku san gidansa ba, ba ku san mai tsaya masa ba. Ku tambaya ko motar tasa ce ko ta maigidansa. In ta maigida ce, sai da sanin maigida. Ku tambaye shi ko ya taɓa bin hanyar nan. In ya ce ya san Yankari, ku ce masa a wane gari a ke ratsewa? Ku kun riga kun san amsa.

Sa'an nan ku ce ya nuna muku takardu. Nan ne karatunku zai yi muku rana. A kan lasin tuƙi akwai suna da hoto da ranar da zai ƙare. Ku karanta ranar. Ku dubi takardar mota, da ta inshora, da ta shaidar lafiyar mota. Lambar da ke jikin takarda ta zama daidai da wadda ke jikin mota, harafi da harafi. In takarda ta mutu, a kowane shinge sai an tsai da ku, ku yini a rana.

Ku zaga motar ku dubi tayu. Ga wani abin da direbobi da yawa ma ba su sani ba. Kowace taya tana da ranar haihuwa a rubuce a gefenta. Lambobi ne guda 4 a jere, sau da yawa cikin ɗan zobe. Biyun farko su ne mako, biyun ƙarshe su ne shekara. In kun ga 2319, watau an yi tayar a mako na 23 na shekarar 2019. Hukumar kiyaye haɗurra, wadda aka kafa a 1988, ta kan yi gargaɗi kada a yi aiki da tayar da ta wuce shekara 4, ko da zanenta bai side ba. Tsohuwar taya ta kan fashe in kwalta ta yi zafi, ga kaya ga gudu. Ku tabbata akwai tayar ajiya mai iska, da jak, da sifana, da abin kashe gobara. A kunna fitilu ku gani. A taka birki. In da makanike a ƙauyenku, ku tafi da shi, ya dubi baƙin mai da ruwan lagireto. Goron da za ku ba shi ba asara ba ne.

Direban kirki ba ya jin haushin wannan bincike. Wanda ya husata don kun dubi tayarsa, ku yi masa sallama tun a nan. Haka kuma wanda ku ka ji labarin yana shan ƙwaya don kada ya yi barci. Barci ba a cin bashinsa, a kan hanya ya kan biyo mutum.

A rubuta, a sa hannu

Bari in ba ku labarin abin da ya same ni. Wata shekara na raka wasu ɗalibai irin wannan tafiya. Muka yi jinga da direba da baki kawai. Ya ce kaza, muka ce kaza, aka tafa. Har Bauchi lafiya lau. Da gari ya waye muka ce sai Yankari, sai ya ce shi a saninsa Bauchi aka ce, hanyar daji kuwa kuɗinta dabam, manta dabam. Mu kuwa mun ɗauka duk yana ciki. Muka tsaya a gidan mai muna cacar baki tun hantsi har azahar. Ba takarda, ba shaida. Tilas muka ƙara masa. Wani bawan Allah a cikinmu sai da ya ci bashin kuɗin da zai ci abinci a sauran kwanakin. Muka isa Wikki da almuru, kowa fuska a ɗaure. Da na yi tunani daga baya, na ga ba zan ɗora wa direban laifi shi kaɗai ba. Watakila har ga Allah haka ya fahimta. Ni da na ke malami, da alƙalami a aljihuna, ni ne ban rubuta ba.

Jinga iri biyu ce. Akwai wadda direba zai ɗauki nauyin mai, ku ba shi kuɗi dunƙule. Akwai wadda za ku biya shi kuɗin mota da na aikinsa, mai kuwa ku saya da kanku. A ganina ta biyun ta fi. In mai yana wuyansa, duk inda ku ka ce a ratse a ga wani abu sai ya ɓata rai, gama aljihunsa ke ƙonewa. In yana wuyanku, ba ruwansa. Sai dai magatakarda ya sauka a kowane gidan mai, ya dubi famfo ya fara daga sifiri, ya rubuta lita nawa aka zuba da nawa aka biya. Ku sha mai a cikin manyan garuruwa. Na 'yan bumburutu ya fi tsada, wani lokaci kuma gauraye ne. Lalle ku cika tanki a Bauchi kafin ku nufi daji.

Ga yadda za ku rubuta takardar. Ku kwafe ta cikin littattafanku.

Ni ............, direban mota mai lamba ............, na yarda in ɗauki mutum 12 na ajin ............ daga ran ............ zuwa ran ............, kwana 7. Hanya ita ce Kano, Zariya, Jos, Bauchi, masaukin Wikki a Yankari, Bauchi, Ningi, Birnin Kudu, Kano, har gida. Yawon cikin gari yana ciki. Kuɗin shata naira ............ Na karɓi kafin alƙalami naira ............ Saura sai mun komo gida. Mai da abincina da masaukina suna wuyan masu tafiya. Gyaran mota da tarar takardu suna wuyana. In mota ta lalace ta yini ba ta tashi ba, ba za a biya kuɗin ran nan ba. Ba zan ɗauki fasinja ko kayan wani a hanya ba. Ba tafiyar dare.
Sa hannun direba ............ Sa hannun madugu ............ Shaidu ............

A yi ta guda 3. Ɗaya ga direba, ɗaya ga madugu, ɗaya a bar wa shugaban tasha. Kafin alƙalami kada ya wuce sulusin kuɗin. In direban bai iya karatu ba, a karanta masa a gaban shaidu, ya dangwala yatsa.

Kun lura na sa abincin direba da masaukinsa a wuyanku? Da dalili. Na sha ganin matafiya sun shige ɗaki sun yi barci, sun bar direba a cikin mota sauro yana cinsa har asuba. Gobe kuma shi zai ja su kilomita 300. Wannan ba rowa kaɗai ba ce, wauta ce. Abin da ku ka ci shi zai ci. Inda ku ka kwana nan zai kwana. Ku kira shi Malam ko Alhaji ko da sunansa, ban da "kai direba".

Lissafi

Yanzu sai ku ɗauko alli. Ku tara nisan da na ba ku: 160 da 240 da 130 da 110 da 110 da 300. Ya kama 1,050. Ku ƙara 150 domin hanyar ƙauyenku da yawon cikin gari. Ya zama kilomita 1,200.

Ku tambayi direba kilomita nawa motarsa ke yi da lita guda. Mu ƙaddara ya ce 8. A raba 1,200 gida 8, ya ba da lita 150. Kuɗin mai ba ya zama wuri ɗaya, balle tun da aka cire tallafi a 2023. Don haka ku tambaya a gidan mai a makon da za ku tashi. Mu ƙaddara lita naira 1,000 ce, don lissafi ya yi sauƙi. Lita 150 ta kama naira 150,000. A raba wa mutum 12, kowa zai ba da naira 12,500. Wannan na mai ne kaɗai.

Haka za ku bi sauran. Kuɗin shata. Masauki na dare 6. Abinci na yini 7, na mutum 13 ba 12 ba, in kuwa da yaron mota 14. Kuɗin shiga wuraren kallo. In kun tara duka, ku ƙara kashi 1 cikin 10 na ko-ta-kwana. Wannan ba a taɓa shi sai da larura. In ba a ci shi ba, a raba wa kowa in an komo.

Masauki shi ke cin kuɗi. In ɗayanku yana da dangi a Zariya ko Bauchi masu babban zaure, a aika musu tun da wuri. Amma kada mutum 13 su faɗo wa maigida da dare ba sanarwa. Masaukin Wikki kuwa a nemi wuri tun kafin a tashi.

A fara tara kuɗi tun kaka, kamar adashi. Kowa ya biya, a rubuta, a ba shi shaida. A gama tarawa mako 2 kafin tafiya. Wanda bai cika ba ran nan, a ba shi haƙuri sai wata shekara. A hanya kada kuɗi su zauna aljihu ɗaya. A bar wasu a banki ana cira a gari, a raba tsabar hannu tsakanin mutum 2 ko 3. Ku shiga daji da tsabar kuɗi, gama ba ko'ina waya ke kamawa ba.

Guzuri ba sai na koya muku ba: ƙuli-ƙuli, dabino, garin rogo, kilishi, ruwa mai tsabta a jarka. Buta da abin salla. Bargo da rigar sanyi saboda Jos, kada ku ce ban faɗa ba. Gidan sauro da tocila. Katin shaida na kowa. Mai hawan jini ko ciwon sukari ya ɗauki maganin da zai ishe shi har da ƙari. Ku tambayi malaminku hukuncin sallar kasaru kafin ku tashi.

A kan hanya

Ba zan ɓoye muku ba, a shekarun nan wasu hanyoyin ƙasarmu sun yi fama da 'yan fashi da masu satar mutane. Hanyar da ke lafiya bana tana iya ɓaci baɗi. Saboda haka kowace yamma madugu da direba su tafi tashar garin da ku ka sauka, su tambayi direbobin da suka biyo hanyar ran nan. In an ce kada a bi, to, kada a bi, ko da za a rasa ganin wani wuri. Ku tashi in gari ya waye sarai, ku sauka kafin la'asar sakaliya. Kada ku yi ta shelar ranar tashinku da yawan kuɗinku a kasuwa. Ku bar wa dagaci ko mai unguwa takarda mai sunayenku da lambar mota da lambar wayar direba da jerin zangonku. Kowane dare a buga waya gida a ce an sauka lafiya. Lambar neman agaji ita ce 112, ta hukumar kiyaye haɗurra kuwa 122. Ku haddace su.

Doka ta ƙayyade wa bas gudu: kilomita 50 a awa cikin gari, 80 a babbar hanya, 90 a tagwayen hanya. Madugu ya zauna gaba, ya ɗaura bel, ya riƙa duban agogon gudu. Yanzu ai ya iya karanta lamba. Ban da zuga direba. Akwai masu cewa, "Taka ta, ai namiji ne kai!" Mai faɗin haka a mayar da shi kujerar baya. In hazo ya sauko da hunturu, a rage gudu a kunna fitila. In an yi awa 3 ko 4 ana tafiya, a tsaya a cikin gari, direba ya miƙe ƙafa, ya sha ruwa. In kun ga yana gyangyaɗi, kada ku ba shi goro ku ce a ci gaba. A tsaya ya runtsa. Waya kuwa in ta yi ƙara yana tuƙi, madugu ya amsa masa.

A shinge, direba ke magana. Ku yi sallama, ku yi shiru. Ba a ɗaukar hoton soja ko ɗan sanda ko shingensu.

Ku tuna ku baƙi ne. A ƙasar Jos da kewayenta za ku tarar da ƙabilu da yawa, harshe dabam, addini dabam, abinci dabam. Kallo ku ka je, ba gyara ba. Abin da ba ku gane ba ku tambaya da ladabi. Kada ku ɗauki hoton mutum sai da izininsa. A fada da masallaci da kabari, ku bi abin da masu tsaron wurin suka ce.

Kowa ya tafi da ɗan littafi da fensir. Duk allon da ku ka wuce a bakin hanya ku karanta shi da ƙarfi: sunan gari, da kilomita nawa suka rage. Da dare kowa ya rubuta layi 3 ko 4 na abin da ya gani, da kwanan wata a sama.

In kun komo, a biya direba sauran kuɗinsa a gaban shaidu, ya sa hannu a bayan takarda cewa ya karɓa. Ran aji na farko magatakarda ya tashi ya karanta lissafi tun daga naira ta fari har ta ƙarshe, ma'aji ya ajiye abin da ya rage a kan tabarma, a raba.

Aikin aji: mutum 10 ne za su yi wannan tafiya ta kilomita 1,200. Motarsu tana yin kilomita 10 da lita guda. Lita naira 900 ce. Lita nawa za su sha? Nawa kowa zai biya na mai? Ku kawo amsa ran aji mai zuwa, tare da lambobi 4 da ku ka karanto a jikin tayar wata mota a garinku.